Hanyar da Aka Shata Tun 1834: Tarihin Zagaya Biranen Beljiyam ba Tare da Ɗan Rakiya ba

Duk wanda ya zauna yau da taswira da waya domin tsara tafiyar mako guda a Beljiyam, da wuya jerin da zai fitar ya wuce wannan: kwana biyu a Brussels, yini guda a Ghent, yini guda a Bruges, kwana ɗaya ko biyu a Antwerp, in lokaci ya rage a leƙa Waterloo ko Leuven. Zai ji a ransa cewa shi ya zaɓa, tunda babu kamfanin da ya tsara masa, babu kuma ɗan rakiya a gabansa. Amma da za a ɗora jerin nasa a kan na wani mutumin Ingila da ya sauka a tashar ruwa ta Ostend wajajen 1850, bambancin da za a gani bai taka kara ya karya ba. Hanyar ta girmi dukkan masu bin ta. Wata dokar majalisa ce ta shata ta a 1834, littattafan ja-gora masu jan bango suka tabbatar da ita, biranen kuma suka gyara kansu domin su dace da abin da baƙo ya zo nema.

Sanin wannan tarihi yana da amfani ga mai hutun kwana bakwai da kuɗin da ya daɗe yana tarawa, domin shi ke nuna masa inda tsohuwar hanyar take da hikima, da kuma inda ta kau da kai.

Kafin zuwan dogo

A ƙarni na 17 da na 18, yawon ganin ƙasashen Turai gata ne na 'ya'yan masu hali, musamman na Ingila. Saurayi yakan tashi da malami mai kula da shi, da barori, da keken doki, da wasiƙun gabatarwa zuwa ga manyan kowane gari, ya shafe shekara ɗaya ko biyu, wani lokaci fiye. Italiya ce alƙiblarsu. Yankin da ake kira Beljiyam a yau mashiga ce kawai, ana yada zango a duba zanen Rubens a majami'un Antwerp, a wuce. Tsakanin Bruges da Ghent, tafiyar da ba ta kai ta rabin sa'a a jirgin ƙasa yanzu, kwale-kwale ake shiga wanda dawakai ke ja daga gaɓa, a ci mafi yawan yini a hanya.

Abin da ya fara mayar da wannan yanki wurin zuwa da gangan shi ne yaƙi. Ranar 18 ga Yuni 1815 aka karya Napoleon a Waterloo, kudu da Brussels kaɗan. Kafin ciyawa ta rufe kaburbura, 'yan kallo daga Ingila sun fara kwarara. Marubuci Walter Scott ya je a watan Agusta na shekarar, mawaƙi Byron ya biyo baya a 1816. Mazauna ƙauyukan suka shiga sayar da maɓallan riguna da harsasai da suka tsinta a gona. A 1826 aka kammala tulin ƙasa mai tsayin kimanin mita 40 da gunkin zaki a samansa, wanda ake hawa da matakala 226 har gobe. Wani tsohon sojan Birtaniya da ya yi yaƙin, Edward Cotton, ya tare a wurin yana zagayawa da baƙi, ya kuma tara kayan tarihi. Waterloo ta nuna cewa akwai matsakaitan mutane, lauyoyi da 'yan kasuwa da malaman makaranta, masu son gani da ido, waɗanda ba su da shekara biyu ta ɓatarwa, ba su kuma da barori. Abin da suka rasa shi ne hanya mai sauri da araha.

Dokar da ta zana taswirar

Beljiyam ta ɓalle daga Holan a 1830, aka rantsar da sarkinta na farko, Leopold na Ɗaya, ranar 21 ga Yuli 1831. Sabuwar ƙasar ta tashi da matsala a wuya: hanyoyin ruwan da ke haɗa tashar Antwerp da kogin Rhine da kasuwannin Jamus duk ta cikin Holan suka bi, ga shi kuma an rabu baram-baram. Gwamnati ta yanke shawarar kewaye maƙwabciyar tata ta tudu. Injiniyoyi biyu, Pierre Simons da Gustave De Ridder, suka tsara aikin, minista Charles Rogier ya kare shi a majalisa, aka zartar da doka ranar 1 ga Mayu 1834.

Abin da ya bambanta wannan doka da abin da ake yi a Ingila a lokacin shi ne, a can kamfanoni ke shimfiɗa dogo inda suka hango riba, kowa da nasa. A Beljiyam gwamnati ce ta zana hanyoyin ƙasar baki ɗaya tun kafin a kafa ƙarfe ɗaya. Aka ɗauki garin Mechelen a matsayin cibiya, layuka huɗu suka fita daga cikinsa: arewa zuwa Antwerp, gabas ta Leuven da Liège zuwa iyakar Prussia, yamma ta Ghent da Bruges zuwa teku a Ostend, kudu ta Brussels zuwa iyakar Faransa. Ranar 5 ga Mayu 1835 jirage uku suka ɗauki fasinja kimanin 900 daga Brussels zuwa Mechelen, tafiyar kilomita ashirin da 'yan kai, Brussels ta zama babban birnin ƙasa na farko a tsakiyar nahiyar da ya samu irin wannan layi na fasinja mai tururi. Dogo ya isa Antwerp a 1836, Ghent a 1837, Bruges da Ostend a 1838, ya haɗe da Cologne ta Jamus a 1843. A 1846 aka haɗa Brussels da Faris, a shekarar kuma gwamnatin Beljiyam ta fara jigilar wasiƙu da fasinja ta ruwa tsakanin Ostend da Dover.

Domin kaya aka yi aikin, amma mutane suka mamaye shi, saboda kuɗin tikiti bai yi tsada ba. Ƙasar kuwa ƙarama ce, murabba'in kilomita dubu talatin da ɗoriya, ba ta kai faɗin Jihar Kaduna ba, tsofaffin biranenta kuma suna kusa da juna. Cikin shekara goma sai ga su jere a kan layi ɗaya kamar duwatsun carbi. Baƙon da ya sauka a Ostend ba ya buƙatar tunani mai zurfi: Bruges ce a gabansa, sai Ghent, sai Mechelen, daga nan ya zaɓi Antwerp ko Brussels, ya ƙare a Liège a kan hanyar Rhine. Wannan shi ne ƙashin bayan jerin da ake bi har yau.

Ɗan rakiyar da ke shiga aljihu

Dogo ya kai mutum gari, amma bai gaya masa inda zai kwana ko abin da zai kalla ba. A da, wanda ya sauka a baƙon gari yakan faɗa hannun 'yan rakiyar haya da ke jira a ƙofar masauki, su kai shi inda suke da kamasho. An ce matambayi ba ya ɓata, amma wanda bai san harshe ba, bai kuma san farashi ba, yakan biya tambayarsa da tsada.

A 1836 mawallafi John Murray na Landan ya fitar da littafin ja-gora da ya ƙunshi Holan da Beljiyam da arewacin Jamus. Sabon abin da ya zo da shi tsari ne. Littattafan da suka gabace shi yawanci labarin tafiyar wani ne, da ra'ayoyinsa da ƙorafe-ƙorafensa. Murray ya karkasa ƙasa zuwa hanyoyi masu lamba, kowace da nisanta, da garuruwan da ke kanta, da masaukai, da abin da ya cancanci tsayawa. A 1839 Karl Baedeker na garin Koblenz ya fitar da nasa na Jamusanci a kan Beljiyam da Holan, yana bin sawun Murray har da jan bango. A gabatarwar littattafan gidan Baedeker ana maimaita manufa guda: a 'yantar da matafiyi daga dogaro da 'yan rakiyar haya da masu masauki, ya tsaya da ƙafarsa. Suna rubuta farashin ɗaki, da kuɗin keken haya daga tasha, da abin da ya kamata a ba mai gadin majami'a kafin ya ɗaga labulen da ke rufe zane.

Daga shekarun 1840 Baedeker ya riƙa sa alamar tauraro a gefen abin da ya fi muhimmanci. Kafin shi, wata marubuciya 'yar Ingila, Mariana Starke, ta yi amfani da alamar motsin rai domin wannan manufa. Tauraron ya warware matsalar mai gajeren lokaci: wanda ke da sa'a uku a Ghent ya san zai nufi majami'ar Saint Bavo ya ga babban zanen 'yan'uwa Van Eyck da aka kammala a 1432, sauran kuwa sai in da hali. Amma kowane tauraro hukunci ne da wani ya yanke. Matafiyi ya kuɓuta daga ɗan rakiya mai jini a jika, ya miƙa wuya ga na takarda, wanda dubban mutane ke ɗauke da irinsa, suna tsayawa a wuri ɗaya, suna kallon abu ɗaya.

Jadawali, agogo da tikiti

Ƙafa ta uku ta murhun ita ce lissafin lokaci. A 1847 gidan Bradshaw ya fara buga jadawalin jiragen ƙasa na nahiyar Turai, ta yadda mutum zai zauna a ɗakinsa a Manchester ya san jirgin da zai ɗauke shi daga Ghent ranar Talata. Tsara tafiya tun daga gida, rana bayan rana, daga nan ya samo asali. A 1892 Beljiyam ta ɗauki agogon Greenwich a matsayin lokacin ƙasa, abin da ya daidaita jadawalinta da na Ingila.

Thomas Cook, wanda aka fi sani da kai mutane yawo rukuni-rukuni, ta Beljiyam ya bi a tafiyarsa ta farko zuwa nahiyar a 1855: Antwerp, Brussels, Waterloo, sannan Cologne da Rhine, aka ƙare a Faris. Sai dai gudummawarsa ga mai tafiya shi kaɗai ba ƙarama ba ce. Ya riƙa sayar da tikitin zagaye da ke aiki a layuka daban-daban, a 1868 kuma kamfanin ya fito da takardun biyan otal da ake saye tun a Landan, a miƙa a masauki maimakon kuɗi. A farkon ƙarni na 20 hukumar dogon Beljiyam tana sayar da tikitin kwana biyar da na kwana goma sha biyar, wanda mai shi zai hau duk jirgin da ya ga dama a layukan gwamnati. Wannan tikiti ya haifar da dabarar da har yau ta fi dacewa da ƙasar: a ajiye kaya a gari guda, a fita da safe, a dawo da dare.

Birnin da ya gyara fuska

Bruges ce ta fi nuna yadda baƙo ke sauya abin da ya zo kallo. A ƙarni na 14 da na 15 tana cikin manyan kasuwannin Turai, har yashi ya toshe mashigin Zwin da ke haɗa ta da teku, ciniki ya koma Antwerp. A tsakiyar ƙarni na 19 tana cikin matalautan biranen ƙasar, talaucin ne kuma ya hana a rushe tsofaffin gidajenta a gina masana'antu. 'Yan Ingila da dama suka tare a cikinta saboda araha. Ɗaya daga cikinsu, James Weale, ya rubuta littafin ja-gora na birnin, ya kuma tono tarihin masu zanensa na dā. Mai tsara gine-ginen birnin, Louis Delacenserie, ya jagoranci gyare-gyare da sababbin gine-gine a salon zamanin dā, har ya zama wasu daga cikin ginin da baƙo ke ɗauka shekarunsu ɗari shida ne, a ƙarshen ƙarni na 19 aka ɗora su, ciki har da babban ginin gwamnatin lardi da ke dandalin kasuwa. Littafin Georges Rodenbach na 1892, Bruges-la-Morte, ya yaɗa sunan birnin a matsayin wurin shiru da kewa, baje kolin zanen tsofaffin gwanayen Flanders na 1902 kuma ya jawo dubban masu kallo. UNESCO ta sa tsakiyar birnin cikin wuraren tarihi na duniya a 2000. Nasarar ta yi yawa har a 2019 hukumomin birnin suka ɗauki matakin rage jiragen ruwan 'yan yawon buɗe ido da ke tsayawa a Zeebrugge, saboda cunkoson masu zuwa yini guda.

Abin da taurari suka tsallake

Littattafan ja-gora sun fi son majami'u da hasumiyoyi da zane, don haka suka karkata ga Flanders ta arewa. Amma arzikin da ya shimfiɗa dogon daga kudu ya fito, daga ma'adinan kwal da masana'antun ƙarfe na Wallonia: Seraing, inda John Cockerill ya kafa masana'antarsa a 1817, da Charleroi, da yankin Borinage. A mahaƙar Bois du Cazier kusa da Charleroi mutum 262 suka mutu a gobarar 1956, fiye da rabinsu 'yan ci-rani daga Italiya. Sai a 2012 UNESCO ta amince da manyan mahaƙu huɗu na Wallonia, har yanzu kuma ba kasafai suke shiga jerin mako guda ba.

Babban abin da aka tsallake shi ne Kwango. Daga 1885 zuwa 1908 ƙasar mallakin Sarki Leopold na Biyu ce shi kaɗai, dukiyar roba da hauren giwa da aka tatsa da azaba kuma ta shiga gine-ginen da baƙo ke ɗauka hoto a yau, ciki har da babbar ƙofar Cinquantenaire da aka kammala a Brussels a 1905. A tashar Antwerp ne wani akawun kamfanin jiragen ruwa na Elder Dempster, Edmund Morel, ya lura cewa jirage na zuwa cike da roba da haure, suna komawa da bindigogi da harsasai, ya gane cewa abin da ke gudana ya wuce ciniki. A baje kolin 1897 an kawo 'yan Kwango 267 garin Tervuren aka ajiye su a bukkoki domin jama'a su kalla. Bakwai suka mutu, kaburburansu na nan a gefen majami'ar garin. Cikin sojojin farko da aka ɗauka haya domin rundunar Leopold a Kwango akwai waɗanda aka kwaso daga gaɓar Afirka ta Yamma, takardun lokacin suna kiran su Hausawa. Gidan tarihin Tervuren, wanda aka sake buɗewa a Disamba 2018 bayan gyara, yana ƙarshen layin taragon birni mai lamba 44 daga Brussels. Tafiyar rabin yini ce, kuma tana sauya yadda mutum zai kalli sauran birnin.

Dawowar takarda

Daga shekarun 1860 zuwa 1914 mutum na iya ratsa yawancin yammacin Turai ba a tambaye shi fasfo ba. Yaƙin Duniya na Ɗaya ya kawo ƙarshen wannan. An ƙone ɗakin karatun jami'ar Leuven a Agusta 1914, an mayar da garin Ypres kufai, taron da aka yi a Faris a 1920 kuma ya daidaita fasfo a kamannin da aka san shi. Yaƙin ya ƙara zango a taswira kamar yadda Waterloo ta yi ƙarni guda kafin nan: kamfanin Michelin ya buga littattafan ja-gora na filayen daga, aka buɗe Ƙofar Menin a Ypres a 1927 ɗauke da sunayen sojoji fiye da 54,000 da ba a ga gawarsu ba, ana kuma busa ƙaho a ƙarƙashinta da ƙarfe takwas na kowane dare.

Bayan haka ƙofofi suka riƙa buɗewa ga mutanen nahiyar. Ma'aikatan Beljiyam sun samu hutu mai albashi a 1936. A 1952 aka haɗa tashoshin arewa da kudu na Brussels ta ƙarƙashin ƙasa, birnin ya zama cikakkiyar mahaɗar layukan ƙasar, matsayin da doka ta fara ba Mechelen. Tikitin Interrail ya fito a 1972. Yarjejeniyar Schengen, da aka sa wa hannu a 1985 ta fara aiki a 1995, ta ɗauke shingayen cikin gida.

Ga mai fasfon Najeriya ko Nijar ko Ghana kuwa, shingen bakin ƙofa aka mayar da shi. Mai neman bizar Schengen zai gabatar da shaidar masauki, da tikitin dawowa, da inshorar lafiya ta aƙalla Yuro 30,000, da bayanin inda zai je, ya kuma miƙa takardunsa ga ƙasar da zai fi daɗewa a cikinta. Jadawalin da ɗan Ingila na 1850 ke rubutawa domin jin daɗin kansa ya zama hujjar da jami'i zai duba ya auna gaskiyar mai nema. Jerin da ya yi daidai da nisan garuruwa da kwanakin hutu da kuɗin da ke asusu yana da nauyi a wannan ma'auni.

Abin da aka gada

Tsarin 1834 yana aiki har yanzu. Daga Brussels, Ghent tafiyar kimanin rabin sa'a ce, Leuven ba ta kai haka ba, Antwerp ƙasa da sa'a guda, Bruges da Liège wajen sa'a ɗaya kowacce. Jiragen cikin gida ba sa buƙatar kama kujera tun da wuri. Saboda haka sauya otal kowane dare wahala ce da ƙasar ba ta ɗora wa kowa ba. Masauki ɗaya a Brussels ko Ghent ya wadatar da mako. Gidajen tarihi da yawa suna rufe ranar Litinin, ita ce ranar da ta dace da yawon tituna ko filin Waterloo. Bruges ta fi kyau da sassafe ko bayan la'asar, lokacin da masu yini guda ba su iso ba ko sun tafi. Akwai kuma tarkon suna, gadon rabuwar ƙasar tsakanin masu harshen Holanci da masu Faransanci: Liège ita ce Luik a allon tashoshin arewa, Mons ita ce Bergen, Ypres ita ce Ieper, Antwerp kuma Anvers ce a bakin mutanen kudu.

Taurarin Baedeker ba su yi ƙarya ba. Zanen Van Eyck ya cancanci layin da ake bi dominsa, haka dandalin Grand-Place, haka hasumiyar Bruges mai matakala 366. Sai dai an raba taurarin ne bisa abin da ya burge mai karatu na Landan da Koblenz shekara ɗari da tamanin da suka wuce, manhajojin waya na yau kuma sun gaji jerin suka ƙara masa maki. Mai kwana bakwai da ya ba tsohuwar hanya biyar, ya ware biyu ga Tervuren da Bois du Cazier, ko unguwar Matonge ta Brussels inda 'yan Kwango suka kafa kasuwanninsu, zai koma gida ya ga ƙasar da ta gina majami'un da kuma wadda ta biya kuɗin dogon. Jirgin Charleroi daga tashar da na Bruges ke tashi yake tashi.